Baba Saja ya rasu: a nemi sauran mazan jiya tun suna raye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida in yi ta'aziyyar mutumin da ya riƙe ni tun ina ɗan shekara 7, wanda Allah ya yi wa rasuwa a nan Sakkwato cikin watan jiya, yana dab da cika shekara 80. Ba zan kama sunansa ba, domin a rayuwarsa bai son a yayata shi, iyalinsa kuma sun fi son a bar shi haka. A unguwa Baba Saja ake ce masa, yara da manya, har limaminmu. Ni kuwa Baba kurum nake ce masa, ko da yake ba shi ya haife ni ba, kuma babu jini ko auratayya da ta haɗa gidansu da namu.

A layin ɗaukar soja suka haɗu da mahaifina, cikin daminar 1967. Yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, a watan Agusta kuma dakarun Biyafara suka ƙetaro suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma, har suka kai Ore a kan hanyar Legas. Gwamnatin Gowon ta shiga neman samari ruwa a jallo. Sojan ƙasar nan da bai fi mutum 10,000 ba kafin yaƙi, ya kai wajen 250,000 lokacin da aka ajiye makamai. Horon da kurtu kan yi watanni yana sha, aka matse shi cikin 'yan makonni. Baba ɗan birni ne, mahaifina kuma baƙauye daga wajen Gwadabawa, Sakkwatanci ne ya fara haɗa su. Tare aka tura su Runduna ta Biyu, wadda aka harhaɗa cikin gaggawa ƙarƙashin Murtala Muhammad.

Wanda ya san tarihin yaƙin ya san abin da ya samu rundunar nan a bakin Kogin Kwara. 'Yan Biyafara sun fasa gadar da ta haɗa Asaba da Anaca, gadar da ba a daɗe da gama ta ba, a 1965. Sai aka yanke shawarar a ƙetare da jiragen ruwa. Aka gwada, aka sake gwadawa, aka kuma, duk ba a dace ba, sojoji da yawa suka halaka, wasu da harsashi, wasu kuwa ruwa ya ci su, don mafi yawan yaranmu na arewa ba su iya iyo ba. Sai a watan Maris na 1968 Anaca ta faɗi, bayan an zagayo ta tudu. Mahaifina yana cikin waɗanda suka shiga jirgi a Oktoba 1967 ba su dawo ba. Ba a ga gawarsa ba. Mahaifiyata tana ƙauye da cikina.

Kafin su shiga ruwa sun yi alkawari, duk wanda ya rage zai duba mutanen ɗan'uwansa. Baba a lokacin bai yi aure ba, tsohuwarsa kaɗai gare shi. Yakan ce mini, "Ubanka ya ɗauki alkawalin tsohuwa guda, ni na ɗauki na macce da ciki." Da aka gama yaƙi ranar 15 ga Janairu 1970, hutunsa na farko bai fara sauka gidansu ba, sai da ya nemi ƙauyenmu. Ya kai wa kakana akwatin ƙarfen mahaifina, da carbinsa, da 'yan fam-famai da shi kansa ya tara. Daga nan kowane ƙarshen wata yana aiko da wani abu ta hannun direban babbar mota. Farin 1973 ya cinye dabbobin kakana, mahaifiyata ta yi wani aure nesa, a 1975 tsohon ya kama hannuna ya danƙa wa Baba.

Ana yi wa soja kirari da birgimar hankaka, wai kowa ya ga farinsa zai ga baƙinsa. Mu a gida farin muka gani. Na tashi cikin 'ya'yansa takwas, kwano guda, tabarma guda, ɗinkin salla yadi guda. Wata baƙuwa ta taɓa tambayarsa a gabanmu wanne ne ɗan riƙon. Ya ce, "Ga su nan, duba ki hidda shi da kanki." Ba ta ƙara magana ba. Ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ya doki yaro ba. Horonsa shi ne ya tashe ka kafin kiran assalatu ka share ƙofar gida, shi kuma yana tsaye tare da kai yana yayyafa ruwa. Daren Lahadi shi ke hura gawayi a dutsen guga ya goge kayan makarantarmu ɗaya bayan ɗaya, har da hijaban 'yan mata, yana cewa wanda ya goge kaki shekara da shekaru ba zai bar ɗiyansa su fita a yamutse ba. Da aka tura shi Lebanon cikin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Nijeriya ta yi aiki daga 1978 zuwa 1983, wasiƙunsa ba su da labarin Lebanon ko kaɗan. Tambaya ce zalla: wa ya ci jarrabawa, wa ya kai izu nawa, an yi wa ƙarama allurar ƙyanda ko ba a yi ba.

Da ya ajiye aiki a tsakiyar shekarun 1980, kuɗin sallamarsa ya sayi fili a Mabera, lokacin wurin rabinsa gonaki ne, ya yi ginin ƙasa. Ya kama aikin gadi da dare, da rana kuma yana noman albasa da shinkafa a wata 'yar fadama da ya yi aro wajen Kwalkwalawa. A kan keke yake zuwa, cikin zafin Afrilu na garin nan da kowa ya sani. Da wannan wahala ya karantar da mu duka, mata da maza. An yi ta zuwa masa da maganar ya aurar da babbar 'yarsa tun tana aji uku na sakandare, ya ce sai ta gama. Yau ungozoma ce a asibiti. Ni kuma ya kai ni kwalejin horon malamai, ga shi har na kusa yin ritaya a aikin koyarwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jinyar Inna, matarsa. Shekarun baya ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ga 'ya'ya mata, ga surukai, amma shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta cikin dare don kada kwanciya ta ji mata ciwo, shi ke dama mata kunu ya ba ta a baki. Abokansa na majalisa suka ba shi shawarar ya ƙaro mata ko don a samu mai kula da shi. Ya ce musu, "Shekara nawa ta yi tana jirana ina daji? Yanzu layi ya zo kaina." Na san a garin nan akwai masu ganin wannan ba aikin namiji ba ne. Ni dai ban ga mazantakar da ta kai wannan ba, kuma na ga lambobin yabon da ya ajiye a ƙasan akwati.

Labarin yaƙi kuwa da ƙyar ake jinsa a bakinsa. In samari suka zauna suna zuzuta bindiga da harbi, tashi yake ya bar wurin. Sau ɗaya na tambaye shi kisan fararen hula da aka yi a Asaba cikin wancan watan na Oktoba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ya ga abin da har gobe yake nema wa kowa gafara a kansa, kuma yaran da ya gani da kumburarren ciki saboda yunwa a ƙauyukan gabas ba su san Gowon ba, ba su san Ojukwu ba. Akwai wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur da ya yi haya kusa da mu. Duk sanda gari ya ɗauki zafi, Baba kan ɗauki kujerarsa ya dasa a ƙofar mutumin nan, da rediyonsa a kunne, har ƙura ta lafa. Babu wanda ya taɓa gwada wuce shi.

Malam Edita, ba don in yabi nawa kaɗai na rubuto ba. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tantabaru, a busa bigila. Baba yakan goge tsohuwar hularsa ya je, ya dawo da ƙura har gira. Amma a shekarunsa na ƙarshe na raka shi tantancewar 'yan fansho, na ga tsofaffi sa'o'insa zaune a kan kwali tun asuba, wani da sanda, wani jikansa ya goyo shi, wani an ce ya koma don harafi guda ya bambanta tsakanin takardar sallamarsa da katinsa. Mutumin da wani magatakarda ya rubuta wa suna yadda ya ji a kunne a 1967, yaya za a kama shi da laifin harafi? A labarai ma muna ganin tsofaffin sojoji suna zaman dirshan a Abuja kan haƙƙoƙinsu. Inna tana da mu, za mu bi mata takardu, za mu kuma riƙe ta ko ba a ba da ko sisi ba. Matan da ba su da ɗa mai boko fa? A ƙauyukan Wurno da Gwadabawa da Tambuwal akwai irinsu, kuma yanzu ga sababbin zawarawa da marayu na sojojin da ake kashewa a dazukan Isa da Sabon Birni da arewa maso gabas. Ni marayan soja ne, na san abin da ke jiran yaran nan in ba a samu wani Baba Saja ba, kuma ba kowa ke samu ba.

Roƙona ga ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion reshen jihar nan, da hukumomin barikin Giginya, shi ne a riƙa bin tsofaffi da marasa lafiya har gida a tantance su, a kuma ware wanda zai zauna da matan mamata ya cika musu takardu da Hausa. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya yi soja har ya kai birgediya janar kafin ya hau gadon sarauta a 2006. Ya san bariki ciki da waje, kalma guda daga fada za ta yi nisa.

Roƙona gare ku 'yan jarida kuma, da malaman tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da cibiyar adana tarihi ta Waziri Junaidu, shi ne ku ɗauki na'ura ku je ku naɗi muryoyin waɗanda suka rage. Manyan hafsoshi sun rubuta littattafansu da Turanci. Kurtu da kofur da saja, waɗanda suka shiga jirgin nan a Asaba, babu wanda ya tambaye su da harshensu. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967, yau ya haura 75. A unguwarmu saura biyu cikin abokan Baba, suna zama a gindin dogon yaro kusa da masallaci bayan la'asar. Ɗaya kunnensa ya yi nauyi, amma ɗayan yana tuna sunan kowane gari da suka bi daga Okene har bakin ruwa. In kun turo wakilinku, ni zan kai shi.

Muna godiya ga jama'ar unguwa da tsofaffin abokan aikinsa da suka halarci jana'iza, da waɗanda suka zo gaisuwa daga nesa. Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan mahaifina da duk waɗanda suka kwanta a wancan ruwa, ya ba Inna lafiya da haƙuri.

Naku,
Wani malamin firamare,
Mabera, Sakkwato.