Amsa ga Wanda Ya Zarge Ni da Neman Suna

Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a, inda ka nemi sanin wanda ya naɗa ni alƙalin marubuta tarihin wasan ces (chess), ka kuma ce neman suna ne ya sa na yi wa dattijon marubuci gyara a kan batun Sarkin Rasha. Ba zan tsaya a kan maganar alƙalanci ba, domin duk wanda ya sayi littafi da kuɗinsa yana da damar nuna inda aka yi kure. Zargin neman suna shi ne ya sosa mini rai, musamman da ya fito daga bakin wanda ya san shekarun da na yi ina wannan hidima ba tare da na karɓi ko kwabo ba.

Dattijon ya rubuta a littafinsa cewa Sarki Nikolas na Biyu ne ya fara naɗa 'yan wasa da laƙabin "babban gwani" (grandmaster) bayan gasar birnin Sent Pitasbag ta 1914, wato waɗanda suka kai zagayen ƙarshe. Gasar kam an yi ta, mutum 11 suka shiga, biyar suka kai zagayen ƙarshe, wato Lasker da Capablanca da Alekhine da Tarrasch da Marshall, kuma Lasker ya lashe da ratar rabin maki a kan Capablanca. Naɗin sarkin ne ba shi da isnadi. Masanin tarihin wasan, Edward Winter, ya bi sawun labarin, kuma mafi daɗewar inda ya same shi shi ne wata maƙala a mujallar New Yorker ta watan Yunin 1940, sai kuma littafin tarihin rayuwarsa da Marshall ya fitar a 1942. Ka ce ai Marshall ganau ne. Haka ne, amma ganau ne da ya ba da labarin bayan shekara 28, a kan martabar da shi kansa yake cikin masu cin gajiyarta. Ban da haka, tun a gasar Ostend ta ƙasar Beljiyam a 1907 ana amfani da wannan laƙabi, kuma sai a 1950 hukumar wasan ces ta duniya, FIDE, ta fara ba da shi a hukumance, ga mutum 27. Mu da muka tashi muna jin malamai suna tambayar wanda ya ruwaito da wanda ya ji daga gare shi, bai kamata mu karɓi irin wannan ido rufe ba.

Ka tambaya ko ni ban taɓa kuskure ba. Na yi, na taɓa sauya shekarar wata gasa a rubutuna, wani ɗalibi ya ankarar da ni, na buga gyaran a mako na gaba tare da yi masa godiya. Abin da na nema daga dattijon ke nan, kuma sai da na aika masa wasiƙa sau biyu a asirce, ya yi shiru, sannan na fito fili. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Da ka ambata wa mutane cewa kai ne ka rubuta gabatarwar littafin, da sun fi fahimtar abin da ya sa gyaran ya yi maka zafi.

Damuwata ta wuce littafi guda. A ajin da nake koya wa yara wasan, wani yaro ya ɗora yatsa a kan shafin ya ce mini, "Malam, ai ga shi a rubuce." Haka marubutanmu suke kwafa daga juna, a sake bugu na biyu da na uku, kuskuren yana nan daram, ba wanda yake ɗaukar alhakinsa, sai a koma ana tuhumar tarbiyyar wanda ya nuna shi.

Idan kana da jaridar 1914, ta Rasha ko ta wata ƙasa, wadda ta ba da labarin wannan naɗi, ka aiko mini da hoton shafin. Zan janye maganata, in kuma nemi afuwar dattijon a daidai wurin da na yi masa gyaran.

Wassalam.