A Riƙa Sabunta Manhajar Na'urar Rarraba Intanet Ta Gida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin 'yan'uwana mazauna Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, game da na'urar da ke rarraba intanet a gidajenmu, wadda yawancinmu ba mu sake waiwayarta tun ranar da aka haɗa ta.

A cikinta akwai manhaja, kuma kamfanonin da suka ƙera ta suna fitar da sabon zubi domin toshe kafofin da masu kutse ke bi. A shekarar 2016, muguwar manhajar Mirai ta mamaye ɗimbin irin waɗannan na'urori, galibi saboda masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita ba.

Aikin ba shi da wuya. A duba lambar samfurin a ƙasan na'urar, a shiga shafinta ta adireshi kamar 192.168.1.1, sannan a sauke sabuwar manhajar daga shafin kamfanin kaɗai. Abin da na fi jaddadawa shi ne wuta, domin idan aka ɗauke ta ana tsakiyar sabuntawa, na'urar tana iya mutuwa murus. Saboda haka a jona ta da inbata tukuna.

Naku,
Wani mai karatu daga Agege, Legas