Ga 'Yan'uwa Masu Tahowa Ƙasashen Sanyi: Ɗumin Daɓe Ba Ya Son Gaggawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da ɗalibai da ma'aikata masu tahowa Turai. Ni mutumin Zariya ne, na zo kudancin Jamus da iyalina a 2022, shekarar da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo saboda yaƙin Rasha da Yukiren. Har yau ina ganin sababbin zuwa suna faɗawa ramin da na faɗa.

Sababbin gidaje da yawa a nan ba su da ƙarafan ɗumama ɗaki na jikin bango. Siraran bututun roba ake shimfiɗawa a ƙasa, a zuba siminti a kai, sai ruwan ɗumi ya riƙa zagayawa a ciki, daɓen ya ɗumama ɗakin. Abin da mai haya yake gani kawai shi ne 'yar na'urar saita zafi a bangon kowane ɗaki.

A hunturunmu na farko, in na tashi sallar Asuba na ji sanyi, sai in murɗa na'urar har ƙarshe, don muna da jaririya. Shiru. Sai wajen Azahar ɗaki ya ɗau zafi kamar Afirilu a gida, mu kashe, mu buɗe taga. Kafin Isha'i sanyi ya dawo. Haka muka yi ta fama, yarinya ba ta rabuwa da mura, kuma da takardar lissafin kuɗin ɗumama gida na shekara ta zo sai da na ciko kuɗi masu yawa.

Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon mai aikin famfo, shi ya zaunar da ni. Ashe na'urar bangon buɗe hanyar ruwa kawai take yi ko ta rufe. Murɗa ta har ƙarshe ba ya ƙara wa ruwan zafi, ba ya sa shi sauri. Simintin kuwa yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ɗumama, yana kuma ɗaukar sa'o'i kafin ya huce, kamar yadda ɗakin ƙasa ke riƙe zafin rana har tsakar dare. Ya ce in ajiye falo a digiri 21, ɗakin kwana ƙasa da haka kaɗan, in cire hannuna. Ko da dare ma kada in kashe.

Ainihin saitin yana jikin tukunyar da ke ƙasan gida, wato injin da ke ɗumama ruwan. Akwai ma'auni a waje da ke gaya mata yanayin gari: in sanyi ya ƙaru ta ƙara wa ruwa zafi, in ya ragu ta rage. A gidan da aka gina da kyau, ruwa mai digiri 30 zuwa 35 ya wadatar, alhali tsofaffin ƙarafan bango sukan nemi 60 ko fiye. Ƙa'idar Turai ta ce saman daɓen ɗakin zama kada ya wuce digiri 29. Don haka in ka taka ba takalmi ka ji zafi sosai a tafin ƙafa, an cika wuta, kuɗinka ne ke ƙonewa. Mai haya ba ya taɓa tukunya, sai dai ya gaya wa mai gida. Wanda kuma gidan nasa ne, ya rage zafin ruwan da mataki ɗaya tak, ya rubuta a takarda, ya jira kwana biyu kafin ya sake taɓawa.

In ɗaki ɗaya ne ya ƙi ɗumi, a duba ƙaramin akwatin da ke cikin bango, inda bututun kowane ɗaki ya haɗu. Akwai 'yan gilasai masu nuna litar ruwan da ke wucewa a minti. Ruwa ya fi son gajeriyar hanya, shi ya sa ɗaki mai nisa kan samu kaɗan. Wannan aikin gwani ne, a kira shi.

Abin da ya fi damuna, wanda Bature ba zai tuna ya gaya maka ba, shi ne kafet. Mu mutanen zaman ƙasa ne. A ƙasa muke cin tuwo, a ƙasa muke hira da baƙi, kuma uwargida ba ta ganin falo ya cika sai an malala kafet mai kauri bango zuwa bango. Namu ma haka muka yi, har da katifar baƙi a ƙasa. To wannan kafet ɗin bargo ne ka lulluɓa wa daɓen, ɗumin ya maƙale a ƙarƙashi. Ban ji daɗin naɗe shi ba, don da kuɗina na saya, amma da muka mayar da darduma marar kauri a tsakiya, kwana biyu falon ya daidaita. Yanzu yara a kan tayil suke wasa a watan Janairu, ni kuma in na kai goshi ƙasa da Asuba ba na jin sanyin nan mai shiga ƙashi.

Taga kuma, a buɗe ta gaba ɗaya na minti biyar zuwa goma a rufe, ya fi a bar ta a ɗage yini guda. Kuma don Allah kada sanyi ya sa wani ya hura gawayi a kasko cikin rufaffen ɗaki, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu na Hausawa a nan su riƙa yi wa sababbin zuwa wannan bayani tun a watan Oktoba, kafin ƙanƙara ta sauka.

Wassalam.

Naku,
Wani Bazazzagi mazaunin Jamus