Aminina, ka je a duba kwatangwalon nan

Argungu, Jihar Kebbi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zaman Ikko? Nan kowa lafiya, mutane duk sun koma fadama.

Ƙanenka ya ce mini kwatangwalon da aka canza maka saboda sikila ya fara ciwo in ka miƙe, kai kuma kana cewa sanyi ne. Hankalina bai kwanta ba. Don Allah kada ka kai shi wurin mai ɗori, kada kuma ka danne shi da maganin kashe zafi.

Abin da ke jikinka dunƙulen ƙarfe ne ko na tangaram, yana juyawa cikin ƙoƙon roba. Duk takun da ka yi sai sun gogi juna, suna sakin ɓurɓushi kamar yadda dutsen niƙa ke sakin tsakuwa cikin gari, sai dai wannan ido ba ya ganinsa. Ƙwayoyin garkuwar jiki sukan zaci cuta ce ta shigo, su haɗiye shi. Roba kuwa ba ta narkewa. Sai su yi ta zubo sinadaran kumburi, da wasu masu ɗauke da oksijin waɗanda aikinsu ƙone ƙwayar cuta. Tunda ba cutar, naman wurin ke shan ƙunar. In sinadaran suka fi ƙarfin abin da jiki ke kashe kaifinsu da shi, sai su zuga ƙwayoyin da ke cin ƙashi, su raunana masu gina shi. Ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya zaizaye, ƙarfen ya fara girgiɗi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, zaizayar kan yi shekaru ba a ji ciwo ba.

Likitan Ingila John Charnley ya fara sa irin wannan roba a 1962. Wadda aka fito da ita ƙarshen shekarun 1990 ta fi jure guga, wata da ta biyo bayanta ma har da bitamin E a ciki. Amma kai da sauran ƙarfinka kake, kullum kana kan ƙafa, taka za ta riga ta tsoho cinyewa.

Asibitin ƙashi na Igbobi na kusa da kai. Tafi da tsofaffin hotunan ƙashinka, a ɗauki sabo a gwada su. A kuma duba jini, don mai sikila ba a cire masa zaton ƙwayar cuta. In an gano da wuri, wani lokaci robar kaɗai ake canzawa.

Ka bugo mini in ji abin da suka ce. Gaishe da uwargida da yara. Allah Ya ƙara sauƙi.

Naka amini.