Tsofaffin kaset na fim sun fara fin ƙarfin talaka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shekara 12 ke nan ina tara tsofaffin kaset na bidiyo, na Hausa da na Indiya. A da, dala ashirin, wato sefa ɗari, nake ba mai gwanjo a babbar kasuwar Maradi in ɗauki ɗaya, wani ma ya ce in kwashe duka ya huta. Yanzu an farga. Makon jiya wani ya yanke mini jika biyu, wato sefa dubu biyu, ba ragi, amma da na ɗaga murfin sai ga farar funfuna a kan zaren, damina ta gama da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ina roƙon masu tsofaffin shagunan hayar kaset, don Allah kada ku zubar, kada kuma ku tsawwala. Akwai finafinan Kano na shekarun 1990 da na nema a YouTube na rasa, sai a kaset ɗinku.

Naku,
mai karatu daga unguwar Zariya, Maradi