Funfunar Cikin Tsirrai da Neman Maganin Ciwon Zuciya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin masu karatu zuwa ga wani bincike da ba a cika jin labarinsa ba, wato na dangin funfunar da ke zaune cikin ganye da saiwa da ɓawon tsirrai ba tare da ta cutar da su ba. Masu bincike kan wanke bayan ganye da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, su yayyanka shi, su jera a faranti, bayan 'yan kwanaki sai fararen zare su tsiro daga bakin yankan. Sinadaran da wannan halitta ke fitarwa su ake gwadawa, ko za su rage kitsen jini ko su narkar da gudajinsa.

Fatan yana da tushe. A 1973 Akira Endo na ƙasar Japan, bayan ya gwada dubban nau'o'in funfuna, ya samo sinadarin da ke hana hanta yawan sarrafa kolastarol, wato wani nau'in kitsen jini, daga nan aka sami magungunan rage shi da ake kira statin. Lovastatin, ɗaya daga cikinsu, da Amurka ta amince da shi a 1987, daga funfunar Aspergillus terreus ya fito, kuma an sha samun irinta a cikin tsirrai. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, akasarinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, babu ƙofar da ya kamata a raina.

Damuwata ita ce gaggawa. Mafi yawan waɗannan sinadarai ba su wuce kwalbar gwaji da jikin ɓeraye ba, kuma funfunar takan rage samar da su idan aka raba ta da tsironta. Wasunsu ma guba ne: a Amurka akwai ciyawar kiwo mai ɗauke da irin wannan funfuna, wadda ke matse jijiyoyin jinin shanu har kofato ko jela ta mutu.

Saboda haka ina roƙon jaridarku, duk lokacin da za ta kawo irin wannan labari, ta fayyace matakin da gwajin ya kai, kada mai ciwon zuciya ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa ya koma tafasa ganye.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku