Wasiƙa Zuwa ga Ɗiyata Mai Saƙa a Edinbara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da ke cewa saƙonki ya iso, kuma na ga hoton hular sanyi da safar hannun da kika saƙa. Hannunki ya faɗa, idanun saƙar sun zauna daidai, bakin hular ma bai saki ba, abin ya faranta mini rai ƙwarai. Sai dai akwai wata magana a cikin saƙon da ta tsaya mini a zuciya, inda kika ce tun da sanyi ya shigo ba kya zuwa ko'ina in ba aji ba, da kin dawo sai ki rufe ƙofa ki ɗauki kibiya da zare har barci ya ɗauke ki. A kan wannan nake so mu yi magana, kuma na zaɓi rubutu maimakon waya domin ki samu abin da za ki riƙa komawa kina dubawa a natse.

Ban ga laifinki ba don kin nemi mafaka a ɗaki. A tsakiyar watan Disamba hasken yini a Edinbara bai cika sa'o'i 7 ba, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8:30 na safe, kafin ƙarfe 4:00 na yamma kuma ta faɗi, ga iska mai tafe da yayyafi. Duk wanda bai tashi cikin irin wannan yanayi ba, dole jikinsa ya yi nauyi, ransa ya yi ƙunci. Saƙa a irin wannan hali rahama ce, domin tana shagaltar da hannu, tana kwantar da hankali, kuma a ƙarshe mutum ya ga abin da ya yi da idonsa, saɓanin daren da aka ƙarar ana latsa waya. Abin da nake jin tsoro shi ne daɗinta ya sa ki saba da kaɗaici har ki daina jin cewa kina cikinsa, shekarun karatunki su ƙare ba ki san kowa a garin ba sai malamanki da mai gidan da kike haya.

Ki sani cewa Allah ya kai ki ƙasar da saƙa take da daraja da tarihi, kuma wannan sana'ar hannu da kika ɗauka abin ɓoyewa a ɗaki ita ce za ta fi saurin haɗa ki da mutanen wurin. A can arewacin Sikotlan akwai tsibiran Shetland, inda matan da suka gabata suke saƙa suna tafiya, da kwandon makamashi a baya, sun soke ƙarshen doguwar kibiya a cikin wata ɗamarar fata da aka cusa wa gashin doki, domin hannu ɗaya ya samu sararin sarrafa zare. Ba don nishaɗi suke yi ba, da shi suke ciyar da gida yayin da mazajensu ke kan teku. Daga wani ƙaramin tsibiri mai suna Fair Isle, tsakanin Orkney da Shetland, aka samo salon nan na zane mai launuka da yawa wanda a kowane layi ba a haɗa zare fiye da kala biyu, salon da ya bazu a duniya bayan da Yariman Wales na lokacin ya riƙa sa irin rigar a shekarun 1920. A tsibirin Unst kuma ana saƙa mayafi da zare siriri har a iya zura shi gaba ɗaya ta cikin zoben aure. Tumakin Shetland ƙanana ne, amma gashinsu yana zuwa da launuka 11 na asali ba tare da rini ba, daga fari zuwa ruwan ƙasa zuwa baƙi. Tun daga 2010 suke yin makon bikin ulu a kowace shekara wajen ƙarshen Satumba, masaƙa daga ƙasashe da dama suna hallara. Jirgin ruwa yana tashi daga Aberdeen da yamma ya kwana a hanya ya isa Lerwick, babban garin Shetland, da safe. Ban ce ki je bana ba, amma ki sa shi a ranki, in hali ya yi kuma kin samu abokiyar tafiya ta kirki, kada ki bar ƙasar ba ki gani da idonki ba.

Kafin wannan, akwai abin da ya fi kusa da ke. A Birtaniya an saba mata masu saƙa su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, a ɗakin karatu na unguwa ko a shagon sayar da zare, kowa da aikinta a hannu ana yi ana hira. Ki tambayi ma'aikatan ɗakin karatun da ke kusa da ke, matambayi ba ya ɓata. Na san halinki na kunya, kuma na san za ki ce harshensu yana da wuyar kamawa in suna magana da sauri. To, alherin irin wannan zama shi ne ba a tilasta wa kowa magana, idon kowa yana kan hannunsa, kina iya yin shiru kina saurare har kunnenki ya saba, kuma da wuya a tashi ba wadda ta miƙo hannu ta taɓa aikinki ta tambaye ki zaren da kika yi amfani da shi. Daga nan zance yake farawa. Yawancinsu za su girme ki, wasu sun kai sa'o'in kakarki, sai ki ba su girmansu. Za ki ga wasu suna riƙe zare a hannun dama suna naɗa shi a kan kibiya, kamar yadda aka fi yi a Ingila, wasu kuma suna riƙe shi a hagu suna tsinto shi da bakin kibiya, kamar yadda aka fi yi a Jamus da ƙasashen arewacin Turai. Babu wanda ya fi wani inganci, kuma wadda ta iya duka biyun ita ce ke jin daɗin saƙa mai launi biyu, domin sai ta riƙe kowane zare a hannu guda. Ki roƙi wata ta nuna miki wanda ba ki iya ba. Tsofaffin masaƙa suna son a tambaye su.

Haka nan kada ki yi nisa da 'yan'uwa mata a Babban Masallacin Edinbara, wanda ke dab da jami'a. Ba mamaki a cikinsu akwai baƙi irinki da ke fama da dogon dare, waɗanda za su so ki koya musu. Idan kuka haɗu kuka saƙa ƙananan huluna domin jariran da aka haifa bakwaini, wannan sadaka ce mai kyau, amma ku fara tambayar asibitin girman da suke buƙata da irin zaren da suke karɓa kafin ku soma.

Tun da kin ce kina shirin fara rigar sanyi ta manya, bari in ja kunnenki a kan abin da ke ɓata wa mutane aiki a wannan mataki. Lambar kibiya ba ɗaya ba ce a ko'ina. Kibiyar da ake kira lamba 8 a Amurka kaurinta milimita 5 ne, alhali lamba 8 a tsohon lissafin Birtaniya milimita 4 ce, kuma lissafin nasu a juye yake, duk sanda lambar ta ƙaru kibiyar ƙara sirancewa take yi. Saboda haka, ko a littafi kika samo tsarin saƙar ko a intanet, ki dubi milimita kawai ki bar lambar. Bayan haka, kada ki taɓa fara babbar riga ba ki yi ɗan gwaji ba. Ki saƙa yanki da ya ɗan wuce santimita 10 a faɗi da tsawo, ki wanke shi, ki shimfiɗa ya bushe, sannan ki ɗora ma'auni a tsakiyarsa ki ƙirga idanun da suka shiga santimita 10. A ce tsarin ya nemi ido 22, ke kuma kin samu 20. Bambancin ido biyu kamar ba komai ba ne, amma rigar da aka tsara da ido 220 domin ƙirji mai santimita 100 za ta fito miki da santimita 110, kafaɗa ta zube, hannu ya wuce yatsu, bayan kin shafe makonni a kanta. Idan idanunki sun gaza adadin, ki koma ƙaramar kibiya, idan sun wuce ki ɗauki babba. Maraice ɗaya kacal gwajin zai ci miki.

Wajen sayen zare, ki duba takardar da aka naɗe curin da ita. Bayan lambar launi akwai lambar rini, wato tukunyar da aka rina shi a ciki. Curi biyu masu launi ɗaya da lambar rini daban suna iya yin kama a shago, sai an saƙa su a jere a fita rana sannan layin bambancin ya bayyana a tsakiyar riga. Ki sayi abin da zai ishe ki gaba ɗaya a lokaci guda, har da ƙarin curi ɗaya.

Ulu na gaske yana da halinsa, kuma ya bambanta da zaren roba. Yana iya shan danshi da ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, shi ya sa yake riƙe ɗumi a ƙasa mai yawan ruwa. Amma kowane silin gashin yana da ƙananan ɓawo a jikinsa, kuma idan ruwan zafi da sabulu da cuɗawa suka haɗu, sai ɓawon su sarƙe da juna, rigar ta ƙanƙance ta yi tauri, babu kuma mai iya mayar da ita yadda take. Ki jiƙa ta a ruwan da bai wuce ɗumin hannu ba, ki matse a hankali ba tare da murɗewa ba, ki naɗe ta a tawul ki danna ruwan ya fita, sannan ki shimfiɗa ta a kwance. Kada ki rataye ta, kada ki ɗora ta a kan na'urar ɗumama ɗaki. Ki kuma yi hattara da asu, domin tsutsarsa ce ke cin ulu, kuma ta fi son tufafin da aka ajiye da gumi a wuri mai duhu. Duk zaren da kika samo a shagon kayan gwanjo, ki ɗaure shi a leda ki sa a firiza mako biyu kafin ki haɗa shi da sauran kayanki.

Yanzu sai maganar da ta fi kowacce nauyi. Kin ambata cewa wasu abokan karatunki sun ce ki saƙa musu su biya ki. Kada ki karɓi kuɗin kowa. Bizar ɗalibi a Birtaniya tana ba mai karatun digiri damar yin aikin albashi har sa'o'i 20 a mako lokacin zangon karatu, amma ta hana shi yin sana'ar kansa ko kasuwanci, kuma sayar da abin da kika saƙa, ko hannu da hannu ko ta intanet, yana iya faɗawa cikin abin da aka hana. Kuɗin hula ɗaya bai kai a jefa takardun zama cikin haɗari saboda shi ba. Jami'a tana da ofishin da ke ba ɗalibai baƙi shawara a kan irin wannan, ki je can ki ji daga bakinsu, kada ki dogara da abin da wata ta ce ta ji. Wadda kike so ki yi wa kyauta ki yi mata kyauta, wadda ba ki da sararin yi wa ki gaya mata cikin ladabi, ko ki ce ta zo ki koya mata. Wanda bai taɓa riƙe kibiya ba bai san cewa rigar babba tana cin zare fiye da mita 1,000 da makonni na aiki ba, don haka yake roƙonta kamar abu mai sauƙi. Ke ma ki kame hannunki a shagon zare, launuka suna da jan ido, kuma ɗakin ɗaliba ba ya ɗaukar tarin kayan da ba a san ranar taɓa su ba. Ki gama abin da ke kan kibiya kafin ki sayi wani.

Ki kula da jikinki. Idan kin ɗan jima kina saƙa ki ajiye, ki miƙe, ki motsa yatsu da wuyan hannu da kafaɗa, kuma da kin ji zogi ko yatsa ya fara mutuwa ki dakata, in ya ƙi tafiya ki ga likita. Domin babban aiki ki yi amfani da kibiya mai igiya a tsakani, saboda nauyin rigar ya zauna a cinyarki maimakon wuyan hannu. Zare mai duhu kuma ki bar shi sai da rana ko ƙarƙashin fitila mai haske sosai. Hukumar lafiya ta ƙasar tana ba kowa shawarar shan maikurogiram 10 na sinadarin bitamin D a kullum a kaka da hunturu, masu duhun fata kuma duk shekara, domin ranar can ba ta isar fatarmu. Ki saya ki riƙa sha. Ɗan hasken tsakar rana kuma kada ki ƙarar da shi a zaune, ki fita ki taka ko da na rabin sa'a ne, saƙa ta jira dare. Ki lura da cewa a kwanakin nan Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da juna, kuma mai cewa bari in ƙarasa layin nan yana iya ɗaga kai ya tarar rana ta faɗi.

Karatun da ya kai ki shi ne gaba, kuma na san ba sai na tsawaita a kansa ba. Idan jarrabawa ta matso, ki ɗauki ƙaramin aiki irin safa wanda ba ya buƙatar lissafi, ki bar rigar sai an yi hutu.

Idan za ki amsa mini, ina so in ji ko kin samu zaman masaƙan, da ranar da suke haɗuwa, da kuma ido nawa kika ƙirga a gwajinki. Mahaifinki yana gaishe ki, kuma ya ce in gaya miki zagayen kansa santimita 58 ne, launin toka yake so. Ƙannenki ma suna gaisuwa.

Wassalam,

Mahaifiyarki